Me Ke Cikin Ƙasar Gidanmu?

Jawabin da aka gabatar a zauren taro na ƙungiyar ɗalibai, a makon ɗalibai na bana.



Da aka ba mu damar tsayawa a gabanku yau, sai muka ga ya dace mu yi magana a kan abin da kowa a cikin zauren nan ya tako kafin ya iso, watau ƙasa. Kowannenmu ya san yadda ake cinikin fili a Badariya ko a wata unguwa ta Birnin Kebbi. Mai saye zai tambayi dillali kuɗi, ya tambayi iyaka, ya tambaya ko akwai rigimar gado, ya tambaya ko ruwa na kwanciya da damina. In mai lura ne ƙwarai, har halin maƙwabta zai bincika. Amma tun tasowarmu ba mu taɓa jin wanda ya ce wa dillali, "Malam, kafin a yanka wurin nan fegi-fegi, wace sana'a aka yi a kansa, me kuma aka zuba a cikinsa?" Wannan tambaya da ba a yi ita ce jigon jawabinmu, kuma domin a ga nauyinta za mu fara da abin da ya sami maƙwabtanmu na gabas, mutanen Zamfara, waɗanda gulbinsu ya biyo ta Jega ya zo ya haɗu da namu.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa, watau MSF, suna yawon binciken cutar sanƙarau a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sai suka tarar da ƙauyuka inda ƙananan yara ke mutuwa da yawan da ya wuce hankali. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya shiga jijjiga, ya shiɗe, kwana biyu sai a kai shi makwanci. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, duk a banza. Sai da aka ɗebi jinin wasu yara aka aika da shi awo ƙasar waje kafin a gane cewa gubar dalma ce. A watan Mayu, da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma, lissafinsu ya nuna yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin baki ɗaya ta haura yara 400. Mutanen ƙauyukan sun ce tun kafin yara su soma faɗuwa, agwagi suka fara ƙarewa, amma ba wanda ya ɗauki mutuwar agwagwa a matsayin gargaɗi.

To, ina dalmar ta fito? Ba wani baƙo ne ya zo ya zuba ta ba. A shekarun nan farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya har ya haura dala 1,000 a kan kowace oza, sai manoma suka ga tonon dutse ya fi gero riba. Aka yi rashin sa'a, jijiyar dutsen da suka bi tana tafe da dalma mai yawa. Maza su haƙo dutsen su kawo shi cikin gari a buhuna, a farfasa shi da guduma, a niƙa shi busasshe da irin injin da ake niƙa hatsi, mata kuma su daka a turmi a tsakar gida, a wanke, a shanya a inda ake shanya tsaba. Ƙurar ta sauka a ɗaki, a tabarma, a kwanon abinci, a bakin rijiya. Wasu ma sun kwaɓa ragowar da aka wanke sun yi tubali da ita. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma masana sun tabbatar cewa jikin yaro yana shan dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Uba ya kawo arziki gida da hannunsa, bai san abin da ya haɗo da shi ba.

A nan ne muke roƙon 'yan'uwanmu na sashen kimiyya su ƙara kasa kunne, domin yadda aka auna ɓarnar shi ne darasi na farko. Dalma ba ta da wari, ba ta sāke wa ƙasa launin da ido zai gane, ba ta kuma ruɓewa kamar kashin shanu; inda ta zauna nan za ta zauna shekara da shekaru. Saboda haka sai da awo. Wani kamfanin injiniyoyi na jihar Idaho ta Amurka, mai suna TerraGraphics, wanda ya daɗe yana aikin share gubar dalma a garuruwan haƙar ma'adinai na can, ya zo tare da cibiyar Blacksmith, suka haɗa kai da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara. Kayan aikinsu na farko wata na'ura ce da ake riƙewa da hannu ɗaya, ana kiranta XRF. A ɗora bakinta a ƙasa, ta harba haske irin na hoton ƙashi, cikin ɗan lokaci ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Ana faɗin awon da miligiram a kowane kilogiram na ƙasa. A lokacin, abin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yarda da shi a wurin wasan yara shi ne 400. A wasu wurare na ƙauyukan nan an sami fiye da 100,000, watau kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da yara ke birgima a kai dalma ce tsantsa. Jinin yaran ma haka: ma'aunin da likitoci ke fara ba da maganin gaggawa a kansa shi ne 45, kuma kashi 97 cikin 100 na yaran da aka auna a ƙauyukan nan biyu sun kai ko sun wuce shi. 'Yar na'urar awon jini da aka zo da ita iyakarta 65, yara da yawa sun ƙure ta.

Masu awon ba su tsaya ga na'ura kaɗai ba. Kowane gida sai an zana taswirarsa, an tambayi mai gida da matan gida inda aka ajiye buhu, inda aka girke turmi, inda aka yi shanya, sa'an nan a auna ɗaki ɗaki, lungu lungu, a rubuta. Na'ura tana faɗin abin da ke ƙarƙashin bakinta ne kawai. Wanda ya san tarihin gidan shi ke nuna mata inda za ta duba.

Darasi na biyu ya fi ba mu mamaki da muka karanta shi. Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma likitocin suna da shi a hannu. Amma sun ce ba amfanin a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya sa masa cutar, domin zai sake haɗiyar gubar, aikin ya zama ɗiban ruwa da kwando. Ashe ke nan maganin yaron yana farawa daga ƙasar gidan ubansa. Sai an share gida kafin likita ya sami ta yi.

Yaya aka share? Da mun ji an ce injiniyoyi sun zo daga Amurka, sai mu zaci manyan katafila da wasu sinadarai na musamman. Ko kusa. Fartanya ce, da shebur, da buhu, da baro, da mutanen ƙauyukan kansu da aka ɗauka aiki aka koya musu. Da farko aka nemi sarakuna, Sarkin Anka da hakimansa da dagatai, suka ba da umurni a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, don kada ana share ana zubawa. Sa'an nan aka bi gidajen. Inda awo ya wuce 1,000, sai a kankare ƙasar sama kamar santimita biyar, a sake ɗora na'ura, in da saura a ƙara kankarewa. Inda ya faɗa tsakanin 400 da 1,000, sai a rufe shi da sabuwar ƙasa. Ƙasar da aka kwashe a ɗure ta a buhu, a kai wani babban rami da aka haƙa a bayan gari, a binne a rufe. Sabuwar ƙasar da za a shimfiɗa ita ma sai an auna ta an tabbatar da tsabtarta. Aka wanke ɗakuna da kayan ɗaki, wasu wuraren aka dafe su da siminti. An gama Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, ana tsere da damina. Daga watan Oktoba na shekarar zuwa Maris na 2011 aka bi Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Tungar Guru, da Duza. Da aka haɗa lissafin ƙauyuka takwas a ƙarshe, an share gidaje 820, an kwashe ƙasa mai guba fiye da kubik mita 27,000. In tifa tana ɗaukar goma, sahu 2,700 ke nan, kuma mafi yawanta da hannu aka kankaro ta. Sakamakon ya bayyana a jinin yara: matsakaicin awon waɗanda ake kawowa asibiti ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu.

Kun ji mun ce ƙauyuka takwas, amma bakwai muka lissafa. Na takwas shi ne Bagega, kuma labarinsa na yayyenmu ma'aikatan gwamnati ne, da mu da muke fatan bin sahunsu. Bagega ya fi sauran girma, kuɗin masu agaji kuwa ya ƙare kafin a kai gare shi. An auna shi, an san abin da ke ciki, an san yadda za a yi, ga ma'aikata da suka ƙware. Abin da ya rage kuɗi. A watan Mayu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Damina ta zo ta wuce, kaka ta zo ta wuce, kuɗin na nan a takarda, yara kimanin 1,500 kuma suna kwana suna tashi a kan guba, likitoci na kallonsu ba halin ba su magani. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu matasa 'yan Nijeriya suka ta da murya a jaridu da intanet, suna bin sawun kuɗin ofis ofis, kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da izinin sakin su a watan Janairu na 2013. Da aka fara aikin, cikin 'yan watanni aka gama shi, a tsakiyar shekarar. Aikin fartanya bai kai tsawon zaman da fayil ya yi a kan tebur ba. Ba mu san hannu nawa fayil ɗin ya bi ba, amma kowane ɗayansu hannun wani ne da ya taɓa zama a aji kamar mu, ya ci jarrabawa, aka ba shi kujera. Yaron da dalma ta taɓa ƙwaƙwalwarsa kuwa, ko an fitar da ita daga jininsa, abin da ta lalata ba ya komawa. Akwai waɗanda suka rayu da makanta, ko shanyewar jiki, ko kasa ɗaukar karatu. Abin takaici, a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, Shikira kuma ta jira har 2016 kafin a share ta.

Wani zai ce, to, mu a Badariya ba mu niƙa dutsen zinariya, me ya haɗa mu da wannan? Gaskiya ne, kuma ba mu zo nan don mu ce ƙasar unguwarmu ta yi kama da ta Dareta ba; wanda ya faɗi haka ba tare da awo ba ya yi ƙarya. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya ce lafiya lau take ba tare da awo ba, shi ma zato yake yi. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta zama hedkwata, gari ya yi ta miƙa ƙafa, bayan gari na jiya ya zama tsakiyar gari na yau. Bayan gari kuwa shi ne inda kakanninmu da iyayenmu ke kai duk abin da ba su so a kusa da su: juji, da majema, da marina, daga baya kuma garejin kanikawa da wurin ƙona taya. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, mun san da me ake cike shi in ana so a mayar da shi fegi. Bola ce, kuma bolar zamanin nan ba toka da ɓawon gyaɗa ba ce kaɗai. Akwai mataccen batir, da gwangwanin fenti, da robar maganin feshi, da tarkacen rediyo da wayar hannu.

Wani ɗan'uwanmu ya sayi irin wannan fili, ya yi murna da arha, ya yi gini, ya haƙa rijiya. Shekara ba ta zagayo ba ruwan ya fara tashi da warin baƙin mai. Da ya bi diddigi wurin tsofaffin unguwa, sai aka ce masa ai nan kanikawa suka shekara da shekaru suna juye mai. Takardunsa cikakku ne, da sa hannun mai unguwa, da zanen safiyo, ba wadda ta ambaci wannan. Shi ma ya yi sa'a, domin baƙin mai yana da wari. Batirin mota, wanda fiye da rabin nauyinsa dalma ce, in an fasa shi an narka a bayan shago, ba ya barin wari a ƙasa. Yanzu kuma da hasken rana ya shiga gidaje da shaguna, irin wannan batir ya ƙaru, kuma kowanne yana da ranar mutuwarsa. Haka man fetur mai dalma: ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da shi tun farkon 2006, amma abin da hayaƙin motoci ya zubar a bakin tituna kafin nan bai tashi ya tafi ko'ina ba. Har kwallin da iyayenmu mata ke sa wa jarirai, irin na dutse mai ƙyalli, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da ya kamu ta wannan hanya, aka auna kwallin aka sami fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ga kuma fadamar Rima, daga Argungu har ƙasan Birnin Kebbi, inda shinkafarmu da kifinmu suke; duk abin da ruwan sama ya wanke daga tudu, can yake gangarawa.

Dokoki kam muna da su, kuma asalinsu abin alfahari ne ga ɗalibai. A 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwa suka yi jigilar dubban gangunan dattin masana'antu mai guba daga Italiya, suka jibge su a filin wani bawan Allah a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel, suna biyansa hayar dala 100 a wata, shi kuwa bai san abin da ya karɓi ajiyarsa ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya su suka ga labarin a jaridun can, suka rubuto wa jaridun gida. Daga nan gwamnati ta tashi tsaye, aka tilasta wa Italiya ta kwashe kayanta, aka kafa Doka ta 42 ta 1988 a kan datti mai guba, da Doka ta 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka ƙara Doka ta 86, mai cewa a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA. Sai dai waɗannan dokoki sun fi duban masana'anta da manyan ayyuka. Ɗan fegin da malamin makaranta zai saya da kuɗin adashe ba ya cikin lissafinsu. A Amurka da Ingila, banki ba ya cika ba da rance a kan filin da aka taɓa yin sana'a a kansa sai an kawo masa rahoton tarihin wurin, in an ga alamar shakka a ɗebi ƙasa da ruwa a auna. Su ma ba hikima ce ta sa su ba, wuya suka sha: a unguwar Love Canal ta Jihar New York an gina makaranta da gidaje a kan ramin da wani kamfani ya binne sinadarai, sai a 1978 aka fara kwashe mutane, a 1980 aka yi dokar share irin waɗannan wurare.

Matakin farko na wannan bincike ba ya bukatar na'ura, kuma shi ne muke ganin ƙungiyarmu za ta iya ɗauka tun hutun nan mai zuwa. Ɗaliban labarin ƙasa da na tarihi su zauna da masu unguwanni da dattawan Badariya, waɗanda suka san wurin tun yana gona, su zana taswira: nan kududdufi ne da aka cike, nan tsohon gareji, nan aka yi marina, nan ake fasa batir. Dattawan nan ba za su dawwama ba, kuma abin da suka sani ba ya cikin kowane fayil. Ɗaliban kimiyyar haɗa sinadarai, waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, su bi taswirar su ɗebi ƙasa da ruwan rijiya, su fara da makarantun firamare, da makarantun allo, da filayen da yara ke wasa. Abin da aka samu a rubuta shi da Hausa, a kai wa mai unguwa da Ma'aikatar Muhalli, ko da sakamakon ya nuna ba komai. Wannan ma labari ne mai daɗi da ya kamata mutane su ji. In kuwa an sami wurin da ya wuce ƙima, to kada a ta da hankalin jama'a, kada kuma a kama bakanike ko mai gyaran batir a mai da shi abokin gaba. A Zamfara an gwada hana haƙar zinariya, yunwa ta mayar da mutane rami. Abin da ya yi amfani shi ne raba wurin sana'a da wurin kwanan yara, da wanke jiki da sauya tufa kafin a shiga gida.

Ga yayyenmu da ke Ma'aikatar Filaye da ofisoshin tsara gari, roƙonmu ƙarami ne. A cikin takardar neman izinin gini ko ta shaidar mallakar fili, a ƙara layi guda inda mai nema zai faɗi abin da aka yi a wurin a da, mai unguwa ya sa hannu ya shaida. In amsar ta ce juji ne, ko gareji, ko gidan mai, a bukaci awo kafin a yarda a gina gidan zama, ko makaranta, ko a haƙa rijiya. Mun riga mun tsara yadda layin zai kasance, kuma sakataren ƙungiya yana riƙe da kofe a bakin ƙofa, tare da takardar da masu son shiga aikin taswira za su rubuta sunayensu.